Bindigar Aduwa ta Yaya Habu

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif. Ina rumfata a kasuwar Nguru, bayan azahar, ina ɗaure kwalayen bandar kifi da za a ɗora wa motar kudu, sai wayata ta yi ƙara. Yagana ce, matar yayana, daga Gashuwa. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Baffan Falmata, yayanka ya cika." Na tuna ban saki igiyar ba sai da na ƙarasa ƙullin, kamar hannuna bai ji abin da kunnena ya ji ba. Kafin la'asar ina cikin mota, kafin magariba mun kai shi makwancinsa.

Waɗanda suka yi ƙuruciya a Gashuwa za su tuna Habu mai gidan kallo. Ɗaki ne na kwano, da benci goma sha biyu, da talabijin a kan tebur, da janareta a bayan katanga. Bayan la'asar ake buɗewa. Amma ba talabijin ɗin mutane ke zuwa gani ba, shi suke zuwa saurare. Yawancin masu shiga ba sa jin Turanci, shi ma ɗin aji uku ya yi a sakandare ya bari. Sai ya tsaya a gefen akwatin yana ba da labarin abin da ake yi, da Hausa, in ya ga makiyaya ko masunta sun yi yawa ya ɗan surka da Fillanci ko Barbarci. Inda ya gane ya faɗa, inda bai gane ba ya cike daga kansa.

Cikin kaset ɗinsa duka babu wanda ya fi so kamar jerin finafinan wani ɗan sandan ciki na Amurka, dogo, mai ƙarancin magana, mai wata ƙatuwar bindigar hannu, libarba. A kan libarbar nan Yaya ya tara ilmin da ban san inda ya samo shi ba. Ya ce guda ɗaya tak aka ƙera a duniya, sannan aka fasa abin da aka zuba ta a ciki. Ya ce harsashinta kan huda injin mota ya fita ta baya. Ya ce in rago ya harba ta, wuyan hannunsa zai karye. Abin da ya fi maimaitawa kuwa shi ne, ba ta cin mai gaskiya. Ko an saita shi, sai ta kauce.

Da abin ya kai masa ko'ina, sai ya ɗauki hoton da ke bayan kaset ya kai wa Malam Gambo, masassaƙin turame da ƙotoci, ya ce a fitar masa da irinta. Malam Gambo ya sassaƙa ta da itacen aduwa, ya goge ta da baƙin tukunya da man gyaɗa har tana sheƙi. Sai dai wurin zuba harsashi ya yi masa rami bakwai, alhali shida ake gani a fim. Da Yaya ya yi ƙorafi, tsohon ya ce shi bai saba tsayar da abu a shida ba, kwanakin mako ma bakwai ne, in bai so ya ajiye masa itacensa. Yaya ya ɗauka. Washegari ya tsaya gaban jama'a ya ɗaga ta, ya bayyana musu cewa akwai rami na bakwai a ɓoye, wanda Turawa ba sa nunawa, kuma harsashin cikinsa na azzalumin da ya fi ƙarfin alƙali ne. Har yau akwai dattawa a Gashuwa da za su rantse maka a kan haka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gidan kallon ya zama shagon cajin waya. Kowane saurayi yana riƙe da fim a tafin hannunsa, da fassarar Hausa a ciki, ba ya bukatar wani ya tsaya masa a gefe. Falmata, 'yarsa tilo, wadda ya bari tana shekara goma sha uku, yanzu malamar makaranta ce a Damaturu. Da ta zo sallar bara ta zauna a tabarmata ta bi maganganun mahaifinta ɗaya bayan ɗaya a waya. Ashe bindigar a kanti ake sayar da ita, kuma ba guda ɗaya aka yi aiki da ita a finafinan ba. Ashe harsashin da suke harbawa babu dalma a ciki, albarushi ne da hayaƙi, ƙarar ma daga baya ake gyara ta. Ashe da yawa cikin waɗanda suka ruga suka saye ta saboda fim, sun harba kaɗan suka ajiye, don tana dukan hannu. A nan ta yi dariya ta ce to ko ba komai Baba ya ci rabin maki. Rami kuwa shida ne, babu na bakwai.

Ban ji haushi ba. Ina jin shi ma ba zai ji ba, domin tun kafin waya ta ƙaryata shi, zamani ya riga ya yi. Shekarun da hankali ya tashi a jiharmu, muka san ƙarar bindiga ta gaske, muka ga wanda take ci. Gani ya kori ji. Wata rana wani mai kallo, wanda aka kashe masa ƙane a hanya yana dawowa daga cin kasuwa, ya tambaye shi a gaban mutane ina bindigar da ba ta cin mai gaskiya. Daga ranar Yaya bai sake saka kaset ɗin ba, ya koma nuna ƙwallo. Mutumin da bai taɓa riƙe bindigar ƙarfe ba, ko kaza ba ya iya yankawa, ya ɗauki abin kamar shi ya yi wa mutane alkawarin da bai cika ba.

Ana cikin haka ciwon ƙoda ya kama shi, ciwon da ya ɗauke mana mutane da yawa a yankin nan. Ya zo ya zauna a gidana a Nguru wata huɗu yana zuwa asibiti. Cikin kayansa har da bindigar, naɗe a tsohon rawani. Da zai koma gida ya bar ta a wurina, saboda shingayen bincike sun yi yawa a hanya, kuma ba kowa zai tsaya ya saurari bayanin cewa itace ne ba. Ya ce in ajiye wa Falmata, don ba shi da gona ba shi da gida, ita ce kaɗai abin da ya san nasa ne.

Bayan mako uku aka fara raɗe-raɗin za a bi gida gida ana bincike a unguwarmu. Kwana biyu ina jujjuya abin. Ina da 'ya'ya maza uku da suka tasa, kuma mun ji yadda ake tafiya da samari a kan abin da bai kai wannan ba. Da safiyar rana ta uku na sa ta a ƙasan kwandon kifi na kai wurin banda, na tura ta cikin wuta. Aduwa ce da ta sha mai shekara da shekaru, ba ta ɗauki lokaci ba. Binciken kuwa har yau ba a zo ba.

Ganina da shi na ƙarshe, yana kwance a zaure, ƙafafunsa sun kumbura, muryar nan da ke cika ɗakin kwano ta koma kamar ta mai raɗa. Ya kama hannuna ya ce, "Auta, amanata fa?"

Na ce, "Tana nan, Yaya."

Ya ce, "Ka riƙa shafa mata mai, kada gara ta shiga."

Na ce to. Kwana tara bayan nan Yagana ta kira ni.

Mutane kan ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni duka biyun a gida suka same ni. Ban yi nadamar tsare 'ya'yana ba. Ko yau aka mayar da ni wancan lokacin, ina jin abin da zan yi ke nan. Abin da ke cina shi ne amsar da na ba shi. Shi ya shekara ashirin yana faɗa wa mutane abin da ba haka yake ba, amma bai taɓa cutar kowa da shi ba. Masunta da 'yan dako suna fita daga ɗakinsa da tunanin cewa akwai inda azzalumi ba ya tsira. Ni sau ɗaya na faɗi tawa ƙaryar, ga mai jinya, kuma ita ce ta ƙi barina.

In aka tambaye ni me ya rage na Yaya Habu, ba zan nuna kaset ko benci ba, duk sun tafi. Akwai mutanen da har yanzu in sun ga an danne wani sukan girgiza kai su ce da sauran na bakwai, wasu ma ba su san daga bakin wa maganar ta fito ba. Akwai kuma Falmata, wadda in ta tsaya gaban allo tana bayani, an ce hannunta na dama yakan tashi sama daidai yadda nasa yake yi.

A ranar da ta gama karanta min abin da ke waya, ta ajiye ta, ta ce, "Baffa, ni duk wannan bai dame ni ba. Ta itacen nake so. Inna ta ce tana wurinka." Ta haihu a watan jiya, namiji, an sa masa sunan kakansa, kuma tana so ta rataye ta a ɗakinta. A waccan ranar na ce mata sai na duba cikin kaya. Ta sake tambaya a waya sau biyu, cikin ladabi, ba ta matsa ba.

Na san wani zai iya kai mata jaridar da wannan rubutu zai fito a ciki. Wataƙila abin da ya sa na rubuta ke nan, tunda alƙalami ya fi bakina ƙarfin hali. Amma ba haka ya kamata ta ji ba, ni ma na sani. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya yafe masa, ya yafe min. Lambarta tana cikin wayata, kuma har na gama wannan rubutu ban kira ta ba.