Roka a bakin masallaci

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da wata Juma'a a unguwar Sparkbrook ta Birmingham. Ku sababbi kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake tsananta wa mutane a kan ɗigon ruwa, to ga shi.

Ƙaramar roka kashi biyu ce. Na ƙasa, wanda muke kira busta, shi ke cilla ta sama, sannan ya rabu da ita ya sauko da laima cikin teku. Jirgin ruwa ya tsamo shi, a kawo ma'ajiyarmu a Manchester a tsiyaye ragowar mai, ni kuma in kai shi Birmingham a wanke gishiri, a gyara, a sake harbawa. Man nan ba na wasa ba ne, yana cin fata, in ya jiƙa tsumma yakan kama da wuta. Abin haushi kuma, a ido ba ka raba shi da ruwa.

Ranar muka taso daga ma'ajiyar, a unguwar Cheetham Hill, ni da Injiniya Rifkatu, 'yar Jos, wadda ke kula da bustan. Da muka shiga titin Stratford Road a Sparkbrook na roƙe ta in samu sallah, ta ce in je, za ta zauna da motar. Ina fitowa daga masallaci cikin jama'a na hango ta tsugune a bayan mota, fuskarta ba daɗi.

"Malam Sule, wani abu yana leaking," in ji ta.

Na duba, ga shi yana ɗiga ɗis-ɗis a kan kwalta, mutane suna wucewa dab da shi. Dokar aiki a fili take: a kori mutane, direba ya kira 'yan kwana-kwana ya faɗi abin da ya ɗauko. Rifkatu ta fara kora jama'a, wasu dattawa suka taya ta. Ni kuwa na tsaya da waya a hannu, na kasa dannawa. Mai gemu, sunansa Sulaiman, ɗan Kumasi, zai ce yana da roka a mota a bakin masallaci! Wallahi na ji tsoro, har na hango matata tana ganina a labarai.

Rifkatu ta dawo ta dube ni. "Kawo wayar, Malam. Sunana ba zai tayar musu da hankali ba."

Na so in ba ta, ba zan ɓoye muku ba. Amma ni ne direba, kuma in na fara ɓoye sunana a kan aikin halal, ban san inda zan tsaya ba. Na danna, na faɗi sunana cikakke, na ce roka ce. Matar da ta ɗauka ta tambaye ni ko mutane sun yi nisa.

'Yan sanda ne suka riga zuwa. Sun yi mini tambayoyi har bakina ya bushe, Rifkatu tana tsaye a gefena, ta ƙi matsawa. 'Yan kwana-kwana suka gwada ɗigon, ashe ruwan teku ne da ya maƙale a gidan laima.

Saboda haka in kun ga ɗigo, ku kira tun kafin ku san mene ne, kuma ku kira da sunanku. Bustan nan ya sake tashi bayan gyara. Ni kuwa ranar, da muka isa, Rifkatu ce ta zare makullin mota, don ni na sauka na manta da shi.