Miyar Gansakukar Kaka

Tun kafin in ji ƙarar bindiga, hancina ne ya fara gaya mini ba lafiya. Na biyo ta Kasuwar Kifi daga makaranta, ban ji ƙamshin banda ba. Motocin da ke tasowa daga tabki ba su iso ba, kuma Baba yana cikin ɗayarsu. Da la'asar aka ce an rufe hanyar tabki, kowa ya shige gida.

Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Amma in na tuna kwanakin nan, murhun Kaka nake fara gani. Mahaifiyar Baba ce, a bakin tabki ta girma. Da kifi ya ƙare a gidanmu na unguwar Lamisula, sai ta kwance wani ƙulli bayan magariba, ta marmasa wani busasshen abu kore a miya. Gansakuka ce, irin wadda matan garinsu ke kwasa da ƙwarya su shanya a kan yashi.

"Kaka, dattin ruwa za mu ci?"

"Ke Yagana, uwar kifi kike zagi. Matso kusa da wuta ki ji."

Wai giwan ruwa ne ya yi sarauta, ya ce koren nan yana ɓata masa fada, a share. Aka share tas. Ƙwarin ruwa suka rasa abinci suka mutu, 'yan kifaye suka bi su, karfasa ta rame. Ranar da sarki ya hangame baki bai sami abin haɗiya ba, sai ya aika a nemo gansakuka. A wani lungu aka same ta, tana shan hantsi abinta.

"Ita rana take ci," in ji Kaka, "kowa kuma ita yake ci, ko ya sani ko bai sani ba. Har ubanki mai tumbin nan."

Na yi dariya, karon farko tun da aka rufe hanya. Miyar ma har ƙari na nema.

A sakandare malam ya zana mana wannan jerin na wa ke cin wa a allo da kibiyoyi. Ni kuwa masuntan tabki na tuna, waɗanda ba mu san da su ba sai da suka gudu, gari ya ji yunwa.

A waɗancan kwanakin, wata safiya Baba ya dawo a ƙafa, ba kifi, takalmi ɗaya. Ya hango ni a maƙale bayan ƙyaure.

"Fito, uwata. Hanya ta buɗe, ba abin da zai same ki."

Na fito, na ɗebo masa ruwa ya wanke ƙafa.