Kabarin da Teku Ta Ci

Mun bar Mawre, unguwarmu a Yamai, ƙarfe biyar saura kwata na asuba, shekara biyu bayan samun ƴancin kai. Mushe Andre, Bafaranshe mai binciken ƙasa, ya ɗauke ni tafinta zuwa bakin tekun Dahome. Na yarda ne don can aka binne ɗanmu na fari, malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma ba mu taɓa ganin kabarinsa ba. Uwargidana Saratu ta ce, "Malam, ka gano mini inda yaron nan ya kwanta."

Doso da Gaya

Kilomita ɗari da arba'in zuwa Doso, muka ci dambu. A Gaya ɗan duwan, mai binciken kaya a kan iyaka, ya ƙwanƙwasa bututun ƙarfen da muka ɗauko.

"Baba, igwa ce?"

"Ta ɗibar laka ce."

"Duk lakar Saga da ke bakin kogin Yamai ba ta ishe ku ba?" in ji shi, yana dariya.

Gran Popo

Mun kwana Paraku, mun kwana Kwatano, muka iso ran Alhamis da hantsi. Mushe Andre ya sa aka kafa bututu a fadama, tafiyar awa guda daga teku. Da aka zaro shi, sai ga laka hawa-hawa: baƙa, sannan yashi, sannan ɓawon katantanwar ruwan gishiri.

"Nan da muke tsaye, dā teku ce," in ji shi. "Ta zo, ta koma, ta sake zuwa."

"In ta koma, shekara nawa?"

"Dubbai, Malam."

Na ga teku a Dakar, na gan ta a Akara, ban taɓa jin tsoronta ba sai ranar. Koginmu na Yamai kan ci gona, amma kafin shekara ta zagayo ya mayar.

Da la'asar wani dattijon coci ya kai ni maƙabarta. Ya miƙa sandarsa wajen raƙuman ruwa. "Layin kabarin ɗanka na can. Bara teku ta cinye." Na tsaya na yi addu'a, ruwa na dukan ƙafafuna.

Yamai

Ran kwana na sha biyu na iso gida. Tun daga Gaya nake shirya mata ƙarya, amma da ta kawo mini ruwa na kasa. Na faɗa mata duka.

Sai ta ce, "Yohanna." Shekara talatin, don kunyar ɗan fari, ban taɓa jin sunan yaron a bakinta ba.

Na gode wa Ubangiji da ya dawo da ni lafiya, na gode wa dattijon da bai ɓoye mini ba.