Rubutun Malam a Takardar Ƙosai

Jiya na sayi ƙosai a Diko, aka ƙunshe mini shi a takarda. Ina buɗewa na ga rubutun marigayi Malam, tsohon da ya koya mini lissafin kalkulas bayan na aurar da 'yata. Mai ya jiƙe √(3x+1). Nan take ƙosan ya fita raina.

Wannan lissafin ya taɓa ba ni a allo, yana taunar goro, alli har a gemunsa. Ya ce in nemo saurin canjinsa da ƙa'idar sarƙa. Na rubuta ɗaya a sama, biyu sau rut ɗin, wato √(3x+1), a ƙasa, na zauna ina taƙama.

Ya ce, "Hajiya, kin sallami na waje. Ukun nan na ciki fa, wa zai ninka miki shi? Maigida?"

Mai ƙosai ta ce 'ya'yan Malam ne suka ba ta littattafansa, buhu guda. 'Ya'yan da ya kai jami'a. Yau na kai mata tsofaffin jaridu, na karɓo huɗun da suka rage.

Allah ya jiƙan Malam. Su kuwa Allah ya shirye su, iyakar abin da bakina zai iya ke nan.