Shekarar da Muka Koma Filin Makaranta

Mutane da yawa suna zaton wata ma'aikata ce ta kafa bikin karrama mawaƙa da ake yi duk shekara a Jalingo. Mu biyu ne muka fara shi: ni, lokacin ina gabatar da shirin waƙoƙi a rediyo, da wani ƙanen ƙawata mai ɗakin ɗaukar sauti a unguwar Majidaɗi. Wata rana ya kawo mini faifan wasu samari, ya ce, "Yaya, kullum sai mu zauna gaban talabijin muna yi wa na Legas da na Kano tafi. Namu fa, wa zai kira sunansu?"

Shekarar farko a ɗakin taron aro muka yi. Kyautar kuwa wani masassaƙi ya fitar mana da ita daga icen maɗaci, siffar kalangu. Masu sauraro ke zaɓe, su bugo waya cikin shirina su faɗi gwaninsu. Tun ranar muka yanke cewa duk harshen da ake waƙa da shi a garin nan yana da rabonsa: Hausa, Fulatanci, Mumuye, Jukunanci, har Turanci.

Da abin ya fara suna, sai wani babban ɗan kasuwa ya aiko a kira mu. Ya ce zai kai bikin ɗakin taron otel, da fitilu da masu ɗaukar hoto. Muna cikin godiya ya ƙara da cewa, "Sai dai a cire waƙoƙin ƙauyen nan. Baƙina daga Abuja za su zo, ba za su zauna sauraron abin da ba sa ji ba."

A shekarar akwai wata tsohuwa 'yar garin Iware cikin 'yan takara, mai waƙar noma da Mumuye. Ni na je har gonarta na ɗauko muryarta, kuma tun da na saka waƙar wayar ɗakin shiri ba ta huta ba.

Abokin aikina, mai ɗakin ɗaukar sautin, ya ce, "Yaya, mu karɓa bana, baɗi sai mu dawo da su."

Na ce, "Idan muka cire su sau ɗaya, da wace fuska zan sake zuwa Iware?"

Washegari na koma wurin ɗan kasuwan ni kaɗai. Na ce, "Ranka ya daɗe, mun gode, amma ba za mu cire kowa ba." Bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ɗauki wayarsa.

Saura 'yan kwanaki, ba mu da wurin taro. Na bi gari a kan acaɓa ina roƙo, har shugaban wata firamare a unguwar Barade ya ba mu filin ƙwallonsu. Ba fitila a wurin, don haka muka mayar da bikin da rana. Ƙungiyar mawaƙan wani coci ta ara mana lasifika, matasan masallacin unguwa suka kawo tabarmi da benci. Wasu samarin mawaƙa da suka riga suka ɗinka kayan shiga otel suka ce ba za su tsaya cikin rana ba, kuma ba su zo ɗin ba. Abokin aikina ya zo ya haɗa wayoyi, amma ko kallona bai yi ba.

Bayan azahar sai ga motar ɗaukar doya ta tsaya bakin filin. Matan Iware ne suka sauko, tsohuwar tana gaba. Da ta ɗaga murya matan suka amsa, mutanen da ke wucewa kan titi suka fara shigowa. Wata Bafulatana mai sayar da nono ta ajiye ƙwaryarta ta tsaya har aka gama. Tsohuwar ce ta ci babbar kyautar shekarar. Ta juya kalangun icen a hannu, ta dube ni, ta ce da irin Hausarta, "Yarinya na, wannan ba ya kuka. Amma zan ajiye shi."

Ɗan kasuwan bai sake nemanmu ba. Abokin aikina ya daɗe bai huce ba, sai da damina ta wuce ya dawo da kansa yana tambayar shirin baɗi.

Daga baya mun samu ɗakin taro ba tare da sharaɗin kowa ba. Zaɓe ya koma ta saƙon waya, sannan ta intanet. Aka ƙara rukunin masu gambara da na waƙoƙin yabo na addinan biyu. Shekarar annoba a rediyo kawai muka yi, ina kiran sunaye a ɗaki ba kowa, amma ba mu tsallake ba.

Yanzu matasa ke tafiyar da kwamitin, ni na yi ritaya, sai dai ban bar kujerata a kwamitin ba. Bana rigimar da ke gabanmu ita ce waƙoƙin da na'ura ke rerawa. Na ce duk mai son kyauta sai ya hau dandali ya rera da bakinsa. Sun ce za su yi shawara, ni kuma na gaya musu ina nan ranar taron shawarar.