Ɓeran da Baba ya ɗora wa laifi

Ƙarar bireka idan ta faɗi ba ta da yawa, ƙas ɗaya ce, sai fitilun gida su ɗauke. Sau uku na ji ta a makon nan a gidana da ke Kado, kowane karo kuma na dawo daga shago a Wuse ƙafafuna kamar ba nawa ba. A na ukun na tsaya gaban akwatin wutar da jaka a kafaɗa, sai ga daminar Masaka ta dawo mini.

Ina 'yar firamare a lokacin. Muna haya a Masaka, a gida mai ɗakuna shida a jere, fitilunsu duka a kan bireka ɗaya. Baba mai gyaran wuta ne, kullum da sukundireba a aljihun gaba. Ni da Kaka, mahaifiyarsa, muke kwana ɗaki guda. Da ƙyar ya ɗauko ta daga ƙauye bayan rasuwar mijinta, kuma ba ta taɓa kwance ƙullin kayanta duka ba. Takan ce, "Ran da na zame muku kaya, ran nan zan koma." A ƙauyen kuwa babu kowa sai ɗakin da rufinsa ke yoyo.

Da ruwa ya kankama, bireka ta fara faɗuwa da la'asar. A ɗaga, ta sake faɗuwa. Maƙwabta suka ishe mu da gori, wai gidan mai gyaran wuta ne babu wuta. Wani ya ce a ɗaure ta da waya kowa ya huta. Baba ya ce, "Ba ta faɗuwa a banza. Ka ɗaure ta, gidan ne zai kama." Sai dai kafin ya dawo daga aiki komai ya koma daidai, ya duba ya rasa. Mai gidan ya gaji, ya ce ɗakin da aka samu da laifi za a yanke masa wuta.

Wata Asabar ta faɗi Baba yana gida. Ya sa aka kashe kowane makunni, ya ɗaga bireka, ya bi ɗaki-ɗaki yana kunnawa. Na farko lafiya, na biyu lafiya. Yana taɓa namu, ƙas.

Ya shiga, na bi shi. Ɗakin yana warin ƙonanniyar roba. Kallabin Kaka ne, jiƙe sharkaf, rataye a wayar da ƙwan fitila ke lilo a jikinta. Tunda babu rana, a nan take shanya, wai ɗumin ƙwan yana busar da kaya, ruwa kuma yana bin wayar yana shiga mariƙin ƙwan. Kullum ina gani, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Baba ya bar bireka a sauke, ya cire kallabin ya ninke ya miƙa mini, ya girgiza kai alamar in yi shiru. Ya canza mariƙin da ya yi baƙi. Da ya fito, Kaka tana tsince wake a baranda, maƙwabta da mai gidan sun yi cirko-cirko.

"Me ka gani?" in ji ta.

"Ɓera ne, Inna. Ya ci waya ta cikin silin."

Mai gidan ya yi tsaki ya tafi, tunda silin nasa ne. Washegari Baba ya ja wa Kaka igiya daga taga zuwa ƙofa, ya ce don kada ta riƙa miƙa tana wahala. Shekara tara ta ƙara tare da mu, a ɗakin nan ta cika.

Yanzu Baba ne a ɗakin baƙi na gidana. Hannunsa yana rawa, mantuwa ta fara, amma sukundireban yana nan a aljihu. Shi ma ya faɗa mini, ba sau ɗaya ba, cewa ran da ya zama nauyi zai koma Masaka. Wallahi na gaji, ba zan ɓoye muku ba. Ga shago, ga yara, ga magungunansa. Amma ban gaji da ganinsa a falo ba.

Na ajiye jaka, na kashe kowane makunni, na ɗaga bireka, na bi ɗaki-ɗaki ina kunnawa. Ɗakin Baba ne. Ya kwance mariƙin fitila don ya gyara abin da bai lalace ba, ya bar wayoyi biyu suna taɓa juna. Na bar bireka a sauke, na raba su, na naɗe da salatif.

Yana zaune a bakin gado, hannayensa a cinya. "Me kika gani?"

"Ɓera ne, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya zaro sukundireban daga aljihu ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ashe har Kado ya biyo mu," ya ce.