Na Shiga Kwamfuta Ba da Haƙuri

Jiya na yafa mayafi na faɗa ɗakin jikana Sadiku, yana tsakiyar taro ta kwamfuta da mutanen kamfaninsu na manhaja. Sati biyu yana nan gida Roni bai koma ofis ba, na tabbata korarsa aka yi yake ɓoye min.

Na cusa fuska gaban kwamfutar na ce wa ogansu, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a mayar da mijin nan nawa. Barci ne kawai aibinsa."

Ogan ya tuntsire da dariya. "Hajiya, ma'aikata ne suka yi yawa, kujeru suka ƙare. Daga gida yake koyar da sababbi."

Sadiku ya dafe kai. "Kaka, kin gama da ni!"

Na fito da kunya, amma wallahi tuwon jiya ya shiga. Ku ma kun taɓa roƙon afuwa babu laifi?